Zaɓen da Mutanen Pagala Ba Su Je Ba

Ran Asabar, 15 ga watan Fabrairu, 2025, aka yi zaɓe a ƙasar Togo, amma manomin doya na Pagala bai fasa aikinsa ba. Ba wanda ya kira shi rumfar zaɓe, ba a kuwa shafa masa tawada a yatsa ba. Haka mai sayar da goro a zangon Sokode, haka mai kiwon zabi a bayan garin Dapaong. A ƙasar da mutum fiye da miliyan 4 suke da rajistar zaɓe, mutum 1,706 kaɗai doka ta ba ikon jefa ƙuri'a a wannan rana, wato kansilolin ƙananan hukumomi 1,527 da kansilolin yankuna 179. Su ne suka zaɓi sanatoci 41 na Majalisar Dattawa ta fari a tarihin ƙasar. An rubuta sunan wannan majalisa cikin tsarin mulki tun shekara ta 2002, ta kuwa yi shekara 22 ba ta zauna ko sau ɗaya ba.

Togo ƙasa ce siririya, doguwa kamar sanda, tana tsakanin Gana da Binin, kanta yana taɓa Burkina Faso, ƙafarta tana cikin teku. An raba ta yankuna 5, an raba yankunan larduna 39, lardunan kuma an raba su ƙananan hukumomi 117. Pagala tana cikin lardin Blitta a Yankin Tsakiya. Ƙasar Anyanga ce tun asali, sa'an nan Faransawa suka kwaso Kabiye da Losso daga duwatsun arewa suka zaunar da su a wannan sashi domin noma da aikin hanya. Jirgin ƙasa da ya taso daga Lome ya ratsa ta wurin a farkon shekarun 1930, ya tsaya a Blitta, kilomita 276 daga bakin teku, bai ƙara gaba ba. Tashar jirgin ce ta haifi sabon gari da ake kira Pagala-Gare. Arewa da nan sai Sokode, babban birnin yankin, garin Kotokoli, waɗanda suke kiran kansu Tem. Fataken Hausa sun san wannan ƙasa tun kafin zuwan Turawa, gama ta nan ayarin Kano yake bi daga Jugu zuwa Salaga neman goron Gwanja, unguwar Didawure ta Sokode kuwa masaukin fatake ce tun dā. Dapaong ita ce can ƙarshen arewa, fiye da kilomita 600 daga Lome, babban birnin Yankin Savanes, inda Moba da Gurmawa da Mosawa da Fulani da Hausawa suke cin kasuwa ɗaya.

Zaɓe ta hannun wakilai ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Sa'ad da sarkin Kano ya rasu, ba a tara jama'ar birni su jefa ƙuri'a. Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta ne suke shiga ɗaki su fito da suna. A ƙasar Kotokoli ma babbar sarautar Tchaoudjo tana zagayawa ne tsakanin waɗansu garuruwa na zuriyar Mola, dattawa suna duba wanda layi ya zo kansa. Masu bi kuma sun saba da irin wannan, domin ikilisiya takan aiki wakilanta zuwa taron gunduma, wakilan gundumomi su zaɓi shugabannin ɗarika. Kowa ya san ƙarfin wannan hanya, ya kuma san rauninta. Mutum kaɗan sukan san ɗan takara ciki da waje, abin da taron jama'a ba ya iyawa. Amma mutum kaɗan suna da sauƙin ziyarta da dare, wanda kuma ya riga ya san su waye za su shiga ɗakin ya kusa sanin sunan da zai fito.

Ko a Togo ɗin ma, an taɓa yin sanatoci tun ƙasar ba ta sami 'yancin kai ba, sai dai a Faris suke zama. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Faransa ta ba Togo kujeru 2 a babbar majalisarta ta biyu, majalisar wakilai ta Lome kuwa ita take zaɓensu. Likita Robert Ajavon ya riƙe ɗaya daga cikin kujerun nan daga 1952. A shekarun nan ne kuma, cikin 1951, aka kafa ƙungiyar sarakuna da jama'ar arewa, UCPN, da goyon bayan Faransawa, domin ta tare guguwar masu neman 'yanci ta Sylvanus Olympio wadda ta fi ƙarfi a kudu. Mai karatu na Nijeriya zai tuna da Majalisar Sarakuna ta Kaduna, wadda ta zama majalisa ta sama ga Jihar Arewa har juyin mulkin Janairu 1966. Togo ba ta gaji irin wannan ba. Da ta sami 'yanci a ran 27 ga Afrilu, 1960, majalisa ɗaya ta riƙe. Aka kashe Olympio a ran 13 ga Janairu, 1963. Soja Gnassingbe Eyadema ya karɓi mulki cikin 1967, ya kafa jam'iyya guda, RPT, cikin 1969, majalisa ɗayan ma ta yi shekaru ba ta nan, da ta dawo kuwa aikinta amincewa ne.

Tarihin Majalisar Dattawa ta yau ya soma ne daga wani taro wanda bai so a yi ta ba. Daga 8 ga Yuli zuwa 28 ga Agusta, 1991, wakilan jam'iyyu da ƙungiyoyi da addinai suka zauna a Lome a Babban Taron Ƙasa, bayan watanni na tarzoma da zub da jini. Da aka nemi mutumin da kowane ɓangare zai iya saurara, sai aka ɗauko bishop na Katolika na Atakpame, Philippe Fanoko Kpodzro. Shi ya shugabanci taron, shi ya kuma shugabanci majalisar riƙon ƙwarya da ta biyo baya. Taron ya naɗa lauya Joseph Kokou Koffigoh firayim minista. Sojoji ba su bar riƙon ƙwaryar nan ya sha ruwa ba, har sun kai wa gidan firayim minista hari da tankokin yaƙi a watan Disamba na wannan shekara. Duk da haka aka rubuta tsarin mulki, aka kai shi gaban jama'a a ran 27 ga Satumba, 1992, kusan dukan waɗanda suka fito suka ce sun yarda. Tsarin ya ce majalisa ɗaya ce, jama'a ne za su zaɓi shugaban ƙasa da hannunsu, shekara biyar biyar, ba kuwa wanda zai wuce wa'adi biyu ko ta ƙaƙa. Mutanen Pagala da Sokode da Dapaong sun jefa ƙuri'a a kan wannan takarda. Ita ce ta ƙarshe da aka tambaye su.

Shekara goma bayan haka, wa'adin Eyadema na biyu yana gab da ƙarewa. Manyan jam'iyyun hamayya sun ƙaurace wa zaɓen 'yan majalisa na Oktoba 2002, RPT ta kwashe kujeru 72 cikin 81. A kwanakin ƙarshe na Disamba majalisar nan ta buɗe tsarin mulkin 1992 ta yi masa gyara mai yawa. Ta cire iyakar wa'adi biyu. Ta mai da zaɓen shugaban ƙasa zagaye ɗaya. Ta rage shekarun ɗan takara daga 45 zuwa 35, a lokacin kuwa ɗan shugaban, Faure Gnassingbe, yana da shekara 36. A cikin wannan kunshi aka sa Majalisar Dattawa, aka ce kashi biyu cikin uku na 'ya'yanta wakilan ƙananan hukumomi ne za su zaɓe su, kashi ɗaya kuma shugaban ƙasa ya naɗa. Wannan haihuwa ta bi majalisar har yau. A idon mutane da yawa, tagwaye ce da tazarce, ko da yake ita kanta ba ta ƙara wa kowa kwana ɗaya a kan mulki ba.

Abin mamaki, da aka rubuta ta sai aka manta da ita. Dalilin a fili yake. Doka ta ce kansiloli ne masu zaɓe, Togo kuwa ba ta da kansila zaɓaɓɓe ko ɗaya. Zaɓen ƙananan hukumomi na ƙarshe an yi shi cikin 1987, a zamanin jam'iyya guda. Daga baya sai gwamnati ta riƙa naɗa kwamitocin kantomomi su riƙe birane da larduna, na ɗan lokaci in ji takarda, ɗan lokacin kuwa ya kai kusan shekara 18. Yaron da aka haifa a Pagala a shekarar zaɓen 1987 ya yi aure ya haifi 'ya'ya bai taɓa zaɓen wanda zai kula da rijiyar unguwarsu ko harajin kasuwarsu ba. An ɗora jinka a takarda, ginshiƙan da za su riƙe ta ba a sare su ba tukuna. Majalisar Dokoki ta ci gaba da yin aikin majalisu biyu, ba wanda ya ji rashin ta biyun.

A cikin waɗannan shekaru Eyadema ya rasu, ran 5 ga Fabrairu, 2005. Bisa ga doka shugaban Majalisar Dokoki, Fambare Natchaba, mutumin Savanes, shi ya kamata ya riƙe ƙasa. Yana waje a ranar, aka rufe iyakoki, sojoji suka ɗora Faure. Zaɓen da ya biyo baya a watan Afrilu ya jawo kashe-kashe, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum 400 zuwa 500 sun mutu, dubbai kuma suka gudu Gana da Binin. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan adadi, gama masu kāre sabon tsari sukan koma gare shi. Aka yi yarjejeniyar sulhu cikin Agusta 2006, aka kafa hukumar gaskiya da sulhu a ƙarƙashin wani bishop kuma, Nicodeme Barrigah, wadda ta miƙa rahotonta cikin 2012 ta ba da shawara a mai da iyakar wa'adi. A wannan shekara aka rushe RPT aka kafa UNIR a gurbinta. Shawarar ta kwanta a aljihun tebur.

Sokode ce ta tashe ta. Ran Asabar, 19 ga Agusta, 2017, jam'iyyar PNP ta Tikpi Atchadam, ɗan ƙasar Tem, ta kira jama'a su fito, suka kuwa fito da jajayen riguna a Sokode da Lome da waɗansu garuruwa, suna neman a komo da tsarin mulkin 1992 yadda jama'a suka amince da shi. Aka yi harbi a Sokode, aka rasa rayuka. Abin da ya girgiza gwamnati shi ne wurin da wutar ta tashi. An daɗe ana lissafi cewa kudu ce ta 'yan hamayya, arewa kuwa ta gidan mulki ce, sai ga birnin Musulmi mafi girma a tsakiyar ƙasa ya fito titi, Bafilo da Mango suka bi sahu. A watan Oktoba aka kama wani limami na kusa da PNP a Sokode, garin ya kama da wuta, aka kashe sojoji biyu da fararen hula, mutane da yawa suka kwana a daji. Jam'iyyu 14 suka haɗa kai. Bishop-bishop na Katolika suka fitar da wasiƙa suna goyon bayan gyaran da jama'a suke nema. Komawa tsarin 1992 yadda yake da fari yana nufin wa'adi biyu, yana kuma nufin majalisa ɗaya, ko da yake ba a kan majalisa mutane suke mutuwa ba.

Gwamnati ta amsa da rabin abin da aka nema. A watan Mayu 2019 aka mai da wa'adi biyu, amma aka ce ba za a ƙirga na baya ba. Sa'an nan, ran 30 ga Yuni, 2019, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, na fari cikin shekara 32. Lardin Blitta ya sami ƙananan hukumomi 3, Tchaoudjo na Sokode 4, Tone na Dapaong 4. UNIR ta ci fiye da rabin kujeru 1,527. Wanda ya je rumfa a Pagala a wannan rana ya je ne yana tunanin kwalbati da rumfunan kasuwa da takardar haihuwa. Ya zaɓi malamin makaranta da ya sani, ko ɗan sarkin garinsu, ko wanda jam'iyya ta kawo da buhun shinkafa. Ba wanda ya tsaya a dandali ya gaya masa cewa wannan kansila wata rana zai zaɓi sanata, sanatan kuma ya sa hannu a zaɓen shugaban ƙasa. Ba a ɓoye masa ba, domin a lokacin rabin wannan magana ba ta cikin doka tukuna.

Ta shiga doka cikin 2024. Wa'adin 'yan Majalisar Dokoki da aka zaɓa a Disamba 2018, a zaɓen da jam'iyyun nan 14 suka ƙaurace wa, ya riga ya ƙare tun ƙarshen 2023, suna zaune ne suna jiran magadansu. Da daren 25 ga Maris, 2024, suka amince da sabon tsarin mulki ɗungum, mutum 89 suka yarda, ɗaya ya ƙi, ɗaya ya yi shiru. Kashegari taron bishop-bishop na ƙasar ya roƙi shugaban ƙasa kada ya sa hannu, ya tara kowa da kowa a yi shawara tukuna, gama batu mai nauyi haka bai kamata majalisar da wa'adinta ya ƙare ta yanke shi ba. Kpodzro bai ga wannan rana ba. Ya rasu a gudun hijira a ƙasar Suwidin a watan Janairu na wannan shekara, bayan ya goyi bayan ɗan takarar hamayya a zaɓen 2020. Shugaban ƙasa ya mai da takardar majalisa a sake dubawa, aka yi ɗan rangadi ana bayyana wa sarakuna da jama'a, ran 19 ga Afrilu 'yan majalisa 87 da suka halarta suka amince gaba ɗaya. Aka sa hannu ran 6 ga Mayu. Ba a yi ƙuri'ar raba gardama ba.

Sabon tsarin ya juya ƙasar zuwa mulkin majalisa. Ikon mulki duka ya koma hannun Shugaban Majalisar Ministoci, wanda shi ne jagoran jam'iyyar da ta fi rinjaye a Majalisar Dokoki, ba a kuwa sa wa kujerarsa iyakar wa'adi ba. Shugaban ƙasa ya zama uban ƙasa na girmamawa, 'yan Majalisar Dokoki da sanatoci ne za su taru wuri ɗaya su zaɓe shi. Ta haka majalisar da aka manta da ita shekara 22 ta zama dole, domin in ba ta zauna ba, ba za a iya zaɓen shugaban ƙasa ba, sabuwar jamhuriya kuma ba za ta tsaya da ƙafafunta ba. Ran 29 ga Afrilu, 2024, aka zaɓi 'yan Majalisar Dokoki, UNIR ta sami 108 cikin 113. A rana ɗaya aka yi zaɓen kansilolin yankuna, na fari a tarihin ƙasar, UNIR ta sami 137 cikin 179. Masu zaɓen sanatoci sun cika ke nan.

Aka sa ranar 2 ga Fabrairu, 2025, sa'an nan aka ɗaga zuwa 15 ga wata. Kowane lardi mazaɓa ce, kansilolinsa su taru su zaɓi nasu. Yaƙin neman zaɓe irin wannan ba ya bukatar kiɗa a dandali. A lardi mai ƙananan hukumomi uku ko huɗu, masu zaɓen 'yan gomomi ne, ɗan takara yana iya gaishe su ɗaya ɗaya cikin mako guda, ya kuma san jam'iyyar kowannensu tun kafin ya yi sallama. Jam'iyyar ANC ta Jean-Pierre Fabre da FDR ta lauya Dodji Apevon suka ce ba za su shiga ba, domin shiga amincewa ce da tsarin da suke kira juyin mulki ta hanyar doka, suka ƙara da cewa ƙasa matalauciya ba ta da kuɗin ciyar da majalisa ta biyu. Jam'iyyar ADDI ta Farfesa Aime Gogue, wadda tushenta yake a Savanes, ta zaɓi ta shiga. Da aka ƙirga, UNIR ta sami kujeru 34 cikin 41. Sauran 7 suka rarrabu tsakanin sauran 'yan takara, ciki har da na ADDI da na UFC. A farkon Maris Faure ya naɗa sauran sanatoci 20, majalisa ta cika 61. Cikin waɗanda ya naɗa akwai Koffigoh, firayim ministan Babban Taron 1991, wanda a zamaninsa aka rubuta tsarin majalisa ɗaya.

Kansilolin ƙananan hukumomi da suka yi wannan zaɓe, su ne mafi yawan masu zaɓen, saura 'yan watanni wa'adinsu na shekara 6 ya ƙare. Da an jira har Yuli, da sababbin kansiloli ne, waɗanda jama'a suka zaɓa suna sane da sabon nauyin da ke wuyansu, za su zaɓi sanatocin. Ba a jira ba, domin tsarin mulki ya ba da shekara ɗaya kawai a kafa dukan hukumominsa. Sai ya zama 'yan majalisar da wa'adinsu ya ƙare ne suka rubuta dokar, kansilolin da wa'adinsu yake gab da ƙarewa kuma suka cika kujerun. Ba a karya wata doka a fili a nan ba, amma mutumin Pagala yana da dalili in ya ce an ci bashi da sunansa ba a tambaye shi ba.

Masu goyon bayan majalisar suna da hujjoji, bai kuwa kamata a yi watsi da su ba. Sun ce zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye shi ne ya riƙa jawo wa Togo gawawwaki, suna nuna 2005. Sun ce doka tana bukatar ido na biyu, ƙauye kuma yana bukatar murya da ba a auna ta da yawan kawuna ba. A nan lissafin yana bayansu. Lome da kewayenta suna da kusan rubu'in mutanen ƙasar miliyan 8, amma larduna 2 ne kawai, kujerunsu ba za su wuce 4 cikin 41 ba. Yankin Tsakiya yana da larduna 5, Kara 7, Savanes 7, wato 19 cikin 39. Lardin Blitta ko na Kpendjal yana da sanatansa kamar kowane babban lardi na kudu. Togo kuma ba ita ta ƙago wannan tsari ba. Faransa ma wakilan ƙananan hukumomi ne suke zaɓen sanatocinta. Kamaru ta rubuta tata majalisar cikin 1996 ba ta zaunar da ita ba sai 2013, da zaɓaɓɓu 70 da naɗaɗɗu 30. Kwaddibuwa ta bi sahu cikin 2018. Sai dai maƙwabta suna da wani labarin kuma. Senegal ta rushe tata cikin 2012 ta ce za ta sa kuɗin a taimakon waɗanda ambaliya ta shafa. A Nijar, tsarin mulkin tazarce na Tandja Mamadou na 2009 ya zo da Majalisar Dattawa, sojoji suka tumɓuke shi a Fabrairu 2010 tun ba ta zauna ba. Faransa kuwa, da ake kafa hujja da ita, shugabanta ba ya naɗa sanata ko ɗaya. Kashi ɗaya cikin uku na naɗi shi ne wurin da hujjar muryar ƙauye take yoyo.

A Dapaong ne za a fi gane ko majalisar tana da amfani. Tun Nuwamba 2021 'yan bindiga masu iƙirarin jihadi suke tsallakowa daga Burkina Faso. A watan Mayu 2022 suka kashe sojoji 8 a Kpekpakandi cikin lardin Kpendjal, a watan Yuni aka sa dokar ta-ɓaci a dukan Yankin Savanes, aka yi ta sabunta ta. Ƙauyuka sun watse, dubban mutane sun taru a Dapaong da Mandouri da Cinkasse, labarin abin da ke faruwa a bakin iyaka kuwa ba ya fitowa sai kaɗan. A irin wannan hali aka tara kansilolin larduna 7 na yankin su zaɓi sanatoci. Idan akwai jama'ar da take bukatar wanda zai tashi a Lome ya tambayi minista ina aka kwana, wannan ce. A watan Afrilu 2025 sanatoci suka zaɓi shugabansu, suka kuwa ɗauko ɗan Dapaong, Barry Moussa Barque, wanda aka haifa cikin 1942, ya zama minista tun 1979, ya yi wa uba aiki ya yi wa ɗa. Arewa ta sami kujera babba. Mutumin da ke kanta ya fi shekara 40 yana cikin fadar da ake so majalisarsa ta sa wa ido.

Ran Asabar, 3 ga Mayu, 2025, aka ga aikin da aka gaggauta kafa majalisar dominsa. Da safe aka rantsar da Faure Gnassingbe Shugaban Majalisar Ministoci. Sa'an nan 'yan Majalisar Dokoki da sanatoci suka zauna tare, suka zaɓi Jean-Lucien Savi de Tove, tsohon ɗan hamayya kuma tsohon minista, mai shekara kusan 86, ya zama shugaban ƙasa. Shi kaɗai ne ɗan takara, UNIR ce kuma ta gabatar da shi. Cikin kujeru 174 na majalisun biyu, 142 na UNIR ne ta hanyar zaɓe, 20 kuma jagoranta ne ya naɗa su. A watan Yuni matasa suka fito titunan Lome, ƙungiyoyin farar hula suka ce mutum 7 sun mutu, bishop-bishop suka sake yin magana a kan zub da jini.

Ran Alhamis, 17 ga Yuli, 2025, aka buɗe rumfunan zaɓe a Pagala da Sokode da Dapaong domin sababbin kansiloli. Wannan karo doka ta riga ta faɗi abin da ƙuri'ar take ɗauke da shi, ko da yake a birnin Lome rumfuna da yawa sun wuni ba kowa. UNIR ta sami kusan kashi uku cikin huɗu na kujeru 1,527. Wa'adin sanatoci shekara 6 ne, na kansiloli ma haka. Idan ba a sake lissafin ba, kansilolin da aka zaɓa a wannan Alhamis su ne za su shiga ɗaki a farkon 2031 su zaɓi sanatan Blitta da na Tchaoudjo da na Tone, su ma saura 'yan watanni wa'adinsu ya ƙare.